Wasiƙa a Cikin Hula

Ƙarfe huɗu na asuba a Kumasi,
ladanin Ayigya bai ko gyara murya ba,
ni ina niƙa ganyen wake cikin ƙanƙara.
Na tace da ƙyalle, na ɗura a kwalba,
injin juyi ya ɗauki kukansa.
Da ya yi shiru, ga shi kwance a gindi,
kore shar, da kauri kamar miyar kontomire.
Kuloroplas.
Birane barkatai a ɗigo guda,
kowanne da ganuwa biyu.

Ohenewaa ta leƙo da kofin koko,
ta ce, “Har yau kina gadin ƙofar?”
Ina gadi. Damina uku ke nan.

Baƙon nawa furotin ne.
A waje ake ƙera shi, aikinsa na ciki.
Ba ido, ba ƙafa,
sai 'yar wasiƙa ɗinke a goshi.
Ƙofar farko ta karanta,
ta biyu ta sake dubawa.
Ba ya wucewa da ƙullinsa,
sai ya warware kamar rawani,
ya zama zare, ya bi kafar allura.
A ciki almakashi na jira,
a yanke wasiƙar, a watsar.
Ya naɗe kansa, ya kama aiki,
ba mai tambayar daga ina.

Haka kakana Gwadabe ya shigo garin nan,
a bayan motar shanu, da takarda cikin hula.
Alhaji Barau na Aboabo ya karanta ajamin sau biyu,
ya kunna fitila da ita,
ya nuna masa tabarma da huhun goro.
Shekara bakwai, yana ciniki da Tuwi,
har Asantawa na rantsuwa nasu ne.

Birnin ma baƙo ne, in an bi salsala.
Kakanninsa sayanobakteriya,
dangin koren nan da ke yawo a tafkin Bosomtwe.
Wata ƙwayar halitta ta haɗiye ɗaya,
ciki ya kasa narkar da shi,
sai aka ba shi zango.
Ya miƙa yawancin littattafansa ga mai gida,
yanzu sai an aiko masa ma'aikata daga waje.
Maitokondiriya, wadda ke hura wutar jikina,
ita ma da ƙafa ta zo.
Wa ya rage ɗan ƙasa?

Amma abin da ya hana ni barci daban ne.
Can ciki-ciki, inda ake tarkon hasken rana,
akwai tantani na uku, da wata ƙofa
mai barin furotin ya wuce a naɗe,
kaya a ka, ba a kwance ko igiya ba.
Ta buɗe daidai girmansa,
ta rufe, ba yoyon a zo a gani.
Ta yaya?

Kakata Tasalla ta nan ta bi.
Shekara hamsin a Aboabo,
ba ta sauke Hausarta ba, ba ta sauke daddawarta ba.
Ta sayi barkono a Kejetiya da yatsa da harara,
kuma garin ya buɗe daidai ita.

Da la'asar wuta ta ɗauke,
muka tsaya a kan firji kamar masu jinya
har janareto ya yi tari ya tashi.
Bayan isha'i hoton ya fito:
layi baƙi a sama, waɗanda suka tsaya a waje,
a ƙasa kaɗan wani siriri, da kyar ido ke kama shi,
ya fi su gajarta da tsawon wasiƙa guda.

Ohenewaa ta ce ƙila datti ne.
Ƙila.
Na jiƙa wani waken don mako mai zuwa,
na rataye farar riga,
na nuna wa mai gadi katina ya buɗe min in fita.